Tsagar Baba Arzika

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ɗaukar hoto a ma'aikatarmu, ranaku da yawa kuma sun shige mini duhu, amma akwai wata Alhamis a Gulma da har gobe ba ta bar raina ba. Ku da kuka zo aiki a bayana kun sha tambayar abin da ke sa nake tayar da jijiyar wuya duk lokacin da na ga wani ya buɗe hoto zai gyara bai ajiye na asali a gefe ba. Na san har suna kuka laƙaba mini a kan haka, ba kurma ba ne ni. To tunda na ajiye aiki, bari in faɗa muku dalilin.

Sunana Garba, mutumin Zauro, amma a ofis Garba Mai Hoto ake ce mini tun ina matakin albashi na huɗu har na kai na goma. Sashenmu shi ne na wayar da kai. Aikinmu bin manoman shinkafa da masuntan fadamar Rima, mu ɗauko hotunan da za a sa a rahoto da allon sanarwa da kalandar shekara.

Sai na yi muku bayanin yadda ake aiki a da, in ba haka ba ba za ku gane wautata ba. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci. In ka cika shi sai ka rubuta takarda, Darakta ya sa hannu, a kai shi wurin wanki, wani lokaci har Sakkwato. Sai an yi mako guda ko biyu kafin ka san ko aiki ka yi ko ɓarna. Abin da ke dawowa kashi biyu ne: hotunan takarda, da kuma nagatif, wato wannan baƙar leda mai tsawo da ake buga hoton daga jikinta. Mu uwar hoto muke ce mata. Ambulan nake sa ta, in rubuta gari da rana, in kulle a kabad ɗin ƙarfe. Hoto ya yage, ko ya jiƙe, ko akuya ta cinye shi, ba ruwana, sai in ɗauko uwar a sake bugawa. Da wannan tunani kaina ya ginu: duk abin da ka yi wa hoto, akwai uwarsa a kabad.

Wata Litinin a ƙarshen damina, ruwa ya fara ja daga fadama, aka kawo mana sabuwar kyamara wadda ba ta cin fim. Mutumin da ya kawo ta rabin yini kawai ya yi da mu, shi ma rabin hankalinsa yana tasha, yana tsoron kada mota ta bar shi. Abu uku ya nuna mini. Yadda ake ɗauka, hoton ya fito nan take a wani ɗan gilashi da ke bayanta. Yadda ake goge wanda bai yi kyau ba. Sai yadda ake juye hotunan cikin kwamfuta, sannan a share katin da ke cikin kyamarar gaba ɗaya don a samu wuri, abin da ya kira fomatin. Katin ƙarami ne, bai fi hoto sittin yake ɗauka ba. Ya ɗora mana manhajar gyaran hoto a kwamfutar ofis, wadda ita kaɗai ce a duk sashen, tana kan teburin Hajiya Asabe mai buga takardu. Ya ɗan yi wasa da ita a gabanmu na minti goma, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Hoton farko da aka ɗauka da ita nawa ne. Hajiya Asabe ce ta ɗauke ni a bakin taga, muka juye, muka zauna muna lalube kamar makafi a sabon gida. Muka gano inda ake ƙara haske, da inda ake yanke gefe. Daga nan hannuna ya faɗa kan wani abu da in ka shafa shi a kan tabo sai tabon ya ɓace, fata ta haɗe sumul.

Kun san fuskata. Tsagar gidanmu ce a kunci biyu, tun daga wajen kunne har bakin leɓe. A nan gida ba wanda zai kalle ta sau biyu. Amma lokacin da aka tura ni kwas ɗin hoto a kudu ina saurayi, wata tara na yi ana tambayata ko da damisa na yi kokawa. Ina yin dariya tare da su, in koma ɗaki raina a ɓace. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ni kaina na ɗauka abin ya wuce. Ranar nan sai na ga hannuna yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya yana shafewa. Kafin azahar ga wani Garba a gilashin kwamfuta, fuska sumul, ya rage shekara goma.

Ofis ya taru a kanmu. Darakta da kansa ya fito, ya gyara tabarau, ya dubi kwamfuta, ya dube ni.

"Garba, ashe kai kyakkyawa na, anka ɓoye muna?"

Aka yi ta dariya, ni na fi kowa. Na buga hoton na manna shi a bango saitin teburina. Gaskiya zan faɗa, daɗi na ji har cikin raina.

Ranar Laraba Darakta ya tura ni aikin farko da sabuwar kyamara. Kalandar shekara mai zuwa za a yi, kowane wata da hoton wani dattijo cikin tsofaffin manoma da masunta. A Argungu na ɗauki Malam Shehu, malamin gonarmu na yankin, wanda zai raka ni gari gari. A mota ya ce mini mahaifinsa, Baba Arzika na Gulma, shi ne masunci mafi tsufa da ya rage a wajen, amma kada in sa rai.

"Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba tun da anka haihe shi. Ko katin zaɓe ya ƙi yanka sabili da haka. Mu dai je mu gaishe shi."

Mun iske shi da hantsi a gindin wata tsamiya bayan gida, yana ɗinkin homa, wato ragar kamun kifi. Dogo ne, baƙi, ƙashin hannunsa duk a waje. Tsagar fuskarsa manya ce, masu zurfi, irin ta mutanen da. Muka durƙusa muka gaisa. Ya tambaye ni gidanmu a Zauro, ashe ma ya san kakana. Da na kawo maganar hoto, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Wanda duk ka son ganina shi zo Gulma. Ba ni zuwa ko'ina."

Ban ja da shi ba. Da ma ƙaiƙayin gwada kyamara ke damuna, sai na juya na ɗauki wani tsohon jirginsa da aka kife a jikin danga, na kawo masa ya gani a bayan kyamarar. Ya ajiye allura. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Ya nuna wani faci da ya yi wa jirgin da kwalta, ya ce har wannan ya fito. Na ce ai ba abin da take bari. Sai ya dafa ƙasa ya miƙe ya shiga gida. Da ya fito, farar riga ce a jikinsa da hula. Malam Shehu ya riƙe baki.

Na zaunar da shi a kan turmi, na ja baya. Ina dannawa sai ya juya fuskarsa gefe, ya ba ni kunci. Na ce, "Baba, nan za ka diba." Ya dubo, ina ɗaga kyamara ya sake juyawa, wannan karon ɗaya kuncin. Na ɗauka rana ce ke dukan idonsa, ko kunyar tsufa. Mu kuwa a ƙa'idar da aka koya mana, hoton kalanda fuska gaba take kallo, ido biyu a waje. Haka muka yi ta yi. Duk wanda ya juya a ciki nan take nake goge shi, har ina yi wa Malam Shehu burga cewa wannan ba irin ta da ba ce, ba a asarar fim. Na goge shida ko bakwai. Daga ƙarshe na je da kaina na kama haɓarsa a hankali na daidaita, na koma na ɗauka. Guda ɗaya tak, ta yi kyau ƙwarai.

Ya karɓi kyamarar ya ƙanƙance ido a kan ɗan gilashin.

"Komi ya hito?"

"Komi, Baba."

"To madalla. Allah shi yi ma albarka."

Ranar Juma'a, bayan mun gama zagayen garuruwan, na zauna a teburin Hajiya Asabe da hotunan dattawa goma sha biyu. Na Baba Arzika na fi ɓata wa lokaci, don shi na fi so. Na ƙara masa haske. Na cire wani ƙuda da ya sauka a kafaɗarsa. Na yanke gefen danga. Sannan na dubi kuncinsa, na ce a raina wannan dattijo mai mutunci, sau ɗaya a rayuwarsa ya yarda aka ɗauke shi, ai ya cancanci a yi masa abin da na yi wa kaina. Awa biyu na yi a kai. Ina shafewa ina ƙirgawa, goma a dama, tara a hagu. Da na gama na danna wurin adanawa. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya da Turanci, ko ina so a maye gurbin wanda ke nan. Ban tsaya karantawa da kyau ba, na amsa da e, kamar yadda na yi wa sauran. Ranar Asabar aka yi taron rabon irin shinkafa, kati ya cika, na yi masa fomatin kamar yadda aka koya mini, na cika shi da hotunan manya suna miƙa buhu.

Kwana tara da ɗaukar hoton, ranar Juma'a, Baba Arzika ya rasu bayan zazzaɓi na kwana biyu. Malam Shehu ya aiko da saƙo cewa hoton nan shi kaɗai ke gare su a duniya, in da hali a taimaka musu da shi. Darakta ya ce a buga shi babba, a sa a gilashi, in kai da hannuna ranar sadakar bakwai a madadin ma'aikata. Na naɗe shi a sabon ƙyalle. A hanyar Argungu a kan cinyata na riƙe shi, ina jin kaina kamar wanda zai kai kyautar da ba a taɓa kai irinta ba.

Ranar Alhamis ɗin ke nan. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan gari sun cika wurin. Aka yi addu'a aka shafa. Na matsa na kwance ƙyallen, na miƙa wa Malam Shehu. Ina jiran in ji an ce Allahu akbar, ga shi kamar ya yi magana. Ban ji ba. Hoton ya riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu, kowa ya duba ya miƙa wa na kusa. Har ya kai ga wani tsoho da suka yi su tare da mamacin tun suna yara. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can.

"Allah shi jiƙan Arzika," in ji shi. "Wanga hwa, ɗan wa na? Ga riga irin tashi."

Ba ba'a yake yi ba, tambaya yake yi tsakani da Allah. Malam Shehu ya karɓi hoton, ya yafito ni muka koma bayan zaure.

"Malam Garba, ina tsagar Baba?"

Har a lokacin ban farga ba. Da ƙarfin gwiwata na ce, "Ai na gyara ta."

Ya dube ni, ya dubi kuncina, ya ce a hankali, "Da can ɓatatta ta?"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ni da aka yi wa irin wannan tsaga ina jariri, ni da na san da ita ake gane gidan mutum da asalinsa, ni ne na zauna awa biyu ina kankare ta daga fuskar dattijo ina jin daɗi. Na ce ya yi haƙuri, kuskure ne, gobe gobe zan kawo na asali. Da gaske nake faɗa, don a kaina akwai uwa a kabad.

Ban tsaya cin abincin sadaka ba. Kafin a tashi daga aiki na iso Birnin Kebbi, na wuce teburin Hajiya Asabe ko gaisuwa babu. Na buɗe inda hotunan suke. Ga Baba Arzika, fuska sumul. Na rufe na sake buɗewa, shi ne dai. Na ce mata ta nuna mini inda kwamfuta ke ajiye na asali.

"Wane na asali? Ba bisa gare shi kay yi aikin ba?"

"Bisa gare shi niy yi, amma ai dole akwai uwar."

"Malam Garba, shi na uwar. Da tat tambaye ka kac ce e, shi ke nan ka danne shi."

Na zaro kati daga kyamara na sa. Manya ne suna miƙa buhu, tun daga na farko har na ƙarshe. Na zauna a kan kujerar baƙi, na kasa tashi. Masinja ya zo rufe tagogi ya same ni a nan, ya tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Da safe na shiga motar Sakkwato da katin a aljihun gaba, don an ce akwai wani mai gyaran kwamfuta da ke iya tono abin da aka goge. Mutumin ya tambaye ni ko na ɗauki wasu hotuna a kai bayan fomatin. Na ce na cika shi taf. Ya girgiza kai, amma ya gwada. Yini guda ina zaune a bencinsa. Wajen la'asar ya kira ni. Jirgin da ke jikin danga ya dawo lafiya lau. Sai wani guda ɗaya, na Baba Arzika, ainihin wanda na ɗauka. Ya fara buɗewa daga sama a hankali: ganyen tsamiya, hula, goshi, girar ido, idanu biyu suna kallona. Daga nan zuwa ƙasa sai toka, fili fetal, ba kunci ba baki ba riga. Hoton buhun shinkafa ya hau kan sauran. Na ce ya sake gwadawa. Ya ce ko shekara zai yi, iyakarsa ke nan. Na sa ya buga mini shi haka nan, ban ma san don me ba.

Ranar Litinin na shiga wurin Darakta na faɗa masa komai. Mutumin kirki ne, amma irin mutanen da ba su son matsala ta kwana a kan teburinsu.

"Abin da hannu yag goge, hannu ba ya iya maishe shi? Kai da kaf fi kowa iya na'urar ga? Zana musu ita, ka kai. Wa za ya sani?"

Ya kamata in ce a'a. Ban ce ba, don ni ma hanyar tsira nake nema. Na san adadin, tunda ni na ƙirga su ina gogewa, nawa ma kuma haka suke. Na sa Hajiya Asabe ta ɗauki kuncina na dama da na hagu a bakin taga. Na riƙa ɗebo layukan daga fuskata ɗaya ɗaya ina dasawa a tasa, ina ƙara musu zurfi da duhu don su dace da tsufansa. Kwana uku na yi. Da na gama, duk wanda na nuna wa a ofis sai ya ce ai shi ke nan, an huta. Hajiya Asabe kaɗai ce ta kawar da ido, ta mayar da kai kan takardunta.

Na koma Gulma. Malam Shehu ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, bari a kai wa Inna. Inna Kulu ita ce matar marigayin, shekara hamsin da wani abu suna tare, tana cikin takaba. Jim kaɗan ya fito ya ce tana kirana. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta na yi mata gaisuwa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta jawo tabarma bakin ƙofa inda haske yake, hoton yana kan cinyarta. Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bin layukan kuncin hagu, leɓenta yana motsi. A na huɗu ta tsaya.

"Wagga ba tashi ta ba."

Malam Shehu ya ce, "Inna, ita ta. Tara ta, na ƙidaya."

"Kai ƙidaya kay yi, ni kwana nikai ina kallon ta. Ta huɗu ga hagu karyayya ta. Ranar da wanzami ka yi mai, ya yi atishawa, aska tat tsallake, tab bar wuri kamar ƙwarar shinkahwa. Uwatai ta ba ni labari da bakinta." Ta ɗago kai. "Yaro, matso."

Na matsa. Ta sa hannu ta juya haɓata zuwa haske, daidai yadda na juya ta mijinta a kan turmi. Ta dubi kuncina, ta dubi hoton, ta sake duban kuncina.

"Taka ta," in ji ta. "Ka ɗebe ma mamaci tashi, ka ara mai taka."

Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, da mata da 'ya'ya a unguwar Badariya, amma hawaye na ji suna bin wannan tsagar tawa. Na faɗa mata gaskiya tun daga farko, har da shawarar da aka ba ni da yadda na karɓa. Na buɗe jaka na fito da guntun da aka tono a Sakkwato, na ce wannan kaɗai ya rage na gaskiya. Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Ka san abin da yas sa ya yarda?" ta ce. "Ranar nan da yash shigo, cewa yay yi, Kulu ba ni riga. Ɗiyanmu ba mu yi musu tsaga ba, zamani ya hana. Jikoki ba su san ta ba. Ni ɗai nir rage da ita gidanga, in na tahi ta tahi. Na'urar yaron ga ba ta barin komi, bari shi ɗauke ta su gani. Da kunka tahi kuma yac ce, yaron na da ladabi, sai dai ya hana ni juya kunci."

Sai a lokacin na gane hotuna shida ko bakwai da na goge a gabansa ina burga. Kowannensu shi ne hoton da ya zauna a ɗauka.

Ta miƙo mini mai gilashin, ta sa Malam Shehu ya ɗauko na farko, mai sumul ɗin, shi ma ta ce in tafi da shi. Guntun nan mai rabin toka ta riƙe. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce, "Wanga dai idanunai na. Sauran ni na san inda suke."

Kalanda ta fito a kan lokaci. A watan da aka ware wa Baba Arzika hoton jirginsa aka sa, da facin kwalta. Sauran dattawa goma sha ɗayan na sake bin su gari gari na ɗauke su, don huɗu daga cikinsu su ma na taɓa musu fuska, Allah ya sa suna da rai. Ba a ba ni takardar gargaɗi ba, don a dokar aiki ba a ma san da irin wannan laifi ba. Malam Shehu mun ƙara shekaru muna aiki tare, muna gaisawa, muna shiga mota ɗaya. Bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Amma ranar da aka yi sunan ɗansa, wanda ya ci sunan Baba, wani mai hoto daban ya kirawo daga kasuwa, ba ni ba.

Daga ranar na kafa dokokin da kuka tarar kuna ƙorafi a kansu. Hoto in ya sauka daga kyamara, a kwafe shi wuri biyu kafin kowa ya taɓa shi, kuma a kan kwafi ake gyara. Ba a goge komai a wurin ɗauka, komai muninsa, sai an dawo ofis an zauna. Haske da duhu naka ne, gyara yadda ka ga dama, amma abin da ke jikin mutum nasa ne, ba ka cire ko da tawadar Allah sai ka tambaye shi. Kuma in ka zaunar da mutum ya juya maka wani gefe, ka sauke kyamara ka tambaye shi abin da yake so a gani. Mutanenmu na karkara ba su cika yi maka bayani ba, sai dai su nuna maka, su ɗauka kana da ido.

Hoton nan nawa mai sumul da ke bango, da na dawo daga Gulma na ciro shi na yaga. Shi ma na danne uwarsa, babu na asali. Amma ni abin da sauƙi, na tsaya a bakin taga Hajiya Asabe ta sake ɗaukata, na ba ta kuncin hagu. Shi ne wanda kuke gani a saman teburina har ranar da na kwashe kayana. Nawa ya sake ɗaukuwa ne don fuskar tana nan. Ta Baba Arzika tana maƙabartar Gulma, kuma yau jikokinsa in suna son sanin kamanninsa, hula da goshi da idanu kawai za a nuna musu.